Kallo Kawai Ya Yi

Masu karatu, na ga saƙonninku. Wasu na cewa in daina jan aji, wasu har sun zaɓar min kalar rigar aure. To ku gyara zama, don abin da ya faru ranar Lahadi ba shi kuka yi zato ba. Mai niyyar zagina ya bari in kai aya tukuna.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Nimfa Tumulak, shekarata ashirin da bakwai. A Pardo nake, cikin birnin Cebu a ƙasar Philippines, ni da Mamana da ƙanwata Jinky. Papa ya rasu shekara shida ke nan. Aikina kuwa irin wanda Mama ba ta iya faɗa wa ƙawayenta na coci ne. In sun tambaya sai ta ce, "Ai tana ofis." Gaskiyar ita ce da wata ƙungiya mai kare yara nake aiki, kuma a teburina ake sauke takardun mutanen da aka kama da laifin lalata yara. Ni ba 'yar sanda ba ce, ba kuma lauya ba. Nakan karanta, in zauna da su in saurara, sannan in rubuta wa masu bincike wane iri ne wannan. Don ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kowanne da hanyar da yake bi ya isa ga yaro, in kuwa ba ka san hanyar ba, ba ka san ƙofar da za ka rufe ba.

Nante kuma, wato Renante Ompad, shi ne saurayina. Injiniyan jirgin ruwa ne, wata goma a teku, biyu a gida. Kun san a nan in uwa ta samu suruki ɗan jirgi, har tafiyarta sai ta canja. Ranar Lahadin nan mutanensa za su zo neman aurena.

Tun asuba Mama ta hana kowa sakat. Ta sauke labulen falo ta rataya sabo mai ruwan goro, ta goge mutum-mutumin Santo Niño, wato Yesu yana yaro, ta canja masa furanni, ta aro kujeru shida daga maƙwabta. Ni ina ɗaki ina gugar rigata, doguwa ruwan ƙwai mai leshi a wuya, Jinky na kwance a gadona tana cin ɗanyen mangwaro da gishiri. Ita Manang take ce min, wato Yaya.

"Manang, in kin auri ɗan jirgi ni zan gaji ɗakin nan ko?"

"Ki fara gadon wanke-wanke."

"Ke dai ki yi murmushi yau. Wannan fuskar taki ta ofis in surukarki Tita Petring ta gani sai ta amsa laifin da ba ta yi ba."

Muna cikin dariya Mama ta shigo, ta ce wa Jinky, "Fita." Ta tura ƙofa, ta zauna a bakin gado tana murɗa gefen zanenta. Na san akwai magana, don Mama ba ta rufe ƙofa sai maganar ta fi ƙarfin falo.

"Inday," ta ce, yadda ake kiran 'ya mace a nan, "Petring ta kira ni shekaranjiya. Yayan Nante, Isyong, ya ɗan samu matsala."

"Wace iri?"

"Ƴan sanda ne suka je gidan. Wai sun ga wasu hotuna a wayarsa." Ta sauke murya. "Na yara. Amma an ba da belinsa, yana gida."

Na jingine dutsen gugar. "Yaushe?"

"Wata biyu ke nan."

Wata biyu. A cikin wata biyun nan Nante ya sauka daga jirgi, ya sa min zobe a bakin tasha, mun ci abinci tare ya fi sau ashirin. Bai taɓa ko tari a kan maganar ba.

"Takarda kawai suke so ki sa wa hannu," in ji Mama. "Tunda aikinki ne, kotu za ta ji maganarki. Inday, don girman Allah kar ki yi min halin nan naki yau."

Na ɗauki waya na rubuta wa Nante: *Gaskiya ne maganar yayanka, Manoy Isyong?*

Na ga ya karanta. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa.

*Muna hanya, Day. Ki bari mu iso.*

*Gaskiya ne ko ba gaskiya ba?*

*Gaskiya ne. Ki yi haƙuri.*

Haƙuri. Masu karatu, ku riƙa lura da namijin da ke ba da haƙuri kafin ya ba da bayani.

Sha biyu da rabi suka iso da mota biyu. Aka shigo da gasasshen alade a kan katako, da ƙullin shinkafa cikin saƙar ganyen kwakwa, da taliya faranti biyu, da kwandon mangwaro. Tita Petring, mahaifiyarsa, ta sha doguwar riga shuɗiya da sarƙar lu'ulu'u zagaye biyu, mafici a hannu, turarenta ya riga ta shiga falo. Na kama hannunta na ɗora a goshina yadda ya kamata. Ta shafa kumatuna ta ce, "Kai, 'yar nan kullum ƙara kyau take." Nante na bayanta cikin farar riga mai aiki a ƙirji, ya yi aski, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Da kawunsa ɗaya suka zo. Isyong wai ba ya jin daɗi.

Aka yi addu'a, aka ci. Kawun ya yi gyaran murya ya nemi aurena da lafazi mai daɗi, Mama ta share hawaye da gefen tsumman tebur ta ce ta ba su. Jinky ta tafa. Ni dai ina jira, don na san ba a gama ba.

Ai kuwa Tita Petring ta buɗe jaka ta zaro ambulan, ta turo shi gabana tsakanin farantin taliya da kofin ruwa.

"Tunda mun zama ɗaya, Inday, ba ɓoye-ɓoye. Lauyanmu ne ya rubuta. Ya ce ku masana kuna raba mutanen nan kashi-kashi, akwai miyagu, akwai kuma waɗanda tsautsayi ya faɗa wa. Isyong ɗina kallo kawai ya yi. Bai taɓa kowa ba. Hannunki kawai za ki sa."

Na buɗe na karanta. Shafi ɗaya ne. An rubuta cewa ni, Nimfa Tumulak, a matsayina na mai aikin, na san Dionisio Ompad, wato Isyong, kuma na tabbatar ba shi da hatsari ga yara. Sau uku kacal na taɓa ganin mutumin nan, duk a wajen cin abinci.

Na ninke takardar. Raina na tafasa, amma aiki ya koya min cewa in kana son gaskiya, ka bar mutum ya yi ta zuba.

"Tita, ba ni labarinsa. Ban san shi sosai ba."

Fuskarta ta washe. Ta ajiye mafici.

"Wayyo, Isyong! Ki tambayi unguwarmu kaf. Shekara goma sha biyu yana koya wa yara jita kyauta. Wanda ba shi da takalmin makaranta ya saya masa. Akwai 'yan mata biyu ƙanana da ya saya wa waya don karatu. Ranar hutu ya kwashe su a mota ya kai su bakin teku. Iyayensu har cewa suke ya fi uban da ya haife su."

"Iyayen maza suna ina?"

"Ai shi ya sa yake tausaya musu. Yawanci ba uba a gidan. Wani yana ƙasar waje, wani ya gudu, uwar tana aiki har dare. Irin waɗannan yake zaɓa, marasa gata."

"A ina yake koyar da su?"

"A ɗakinsa na sama. Ya sa an toshe bango don kar ƙarar ta dame ni. Kin ga tunani?"

"Dukansu tare?"

"Wani lokacin. Masu ƙoƙarin cikinsu yakan ware su ɗaya-ɗaya."

Na kalli Nante. Ya kafa wa ƙashin da ke farantinsa ido kamar a nan aka rubuta amsar.

"Tita, tun da aka ba da belinsa, yaran sun daina zuwa?"

"Su daina don me? Ai ba wanda ya sani a unguwa. Jiya ma sun zo."

A nan ne na ajiye ladabin da Mama ta roƙe ni in riƙe.

"Tita, lauyanku bai yi ƙarya ba, muna raba su. Bari in gaya miki yadda muke yi. Akwai wanda ke zaune a wata ƙasa, bai taɓa taka Cebu ba, yana ba da umarni ta waya. Akwai na cikin gida, uwa ko goggo ko kawu, wanda ke riƙe wayar yana nuna wa wancan yaron. Akwai mai hawo jirgi ya zo da ƙafarsa. Akwai mai tara hotuna, wanda kike kira mai kallo kawai. To ko shi ɗin, ba na rubuta masa cewa ba shi da hatsari. Kowane hoto yaro ne mai suna, mai uwa, kuma don akwai mai kallo aka kunna wayar tun farko."

"Inday," Mama ta ce a hankali.

"Ban gama ba, Mama. Akwai wani kuma, shi ya fi hana ni barci. Mai haƙuri. Ba ya gaggawa. Uwar yake fara saye kafin yaron. Yana neman gidan da ba uba, ya zama uban. Yana ba da kyauta, yana ba da waya, yana samun ɗakin da ba mai shiga. Ranar da aka kama shi unguwa ce ke fitowa ta yi rantsuwa a kansa. Tita, duk abin da kika lissafa yanzu don yabon ɗanki, ina da shi a rubuce a ofis, layi bayan layi, kuma ba a shafin masu kallo yake ba."

Kawun ya ajiye cokali.

"Kina nufin ɗana..."

"Ban ce ya aikata ba. Ban ga takardunsa ba, kuma tunda yayan Nante ne ba ni da hurumin taɓa su. Amma ba zan sa hannu ba. Kuma gobe da safe zan gaya wa shugabata, Madam Erlinda, cewa yara na hawa ɗakin nan har yanzu. Gara ki ji daga bakina."

Tita Petring ta miƙe har kujera na faɗuwa. Ba ni ta kalla ba, Mama ta kalla, ta kira sunanta.

"Tasing, wannan ce tarbiyyar? Mun zo da mutunci, mun zo da abinci, 'yarki ta zaunar da ni tana min tambayoyi kamar ɓarauniya? Dama an gaya min. An ce yarinyar da ke wuni tana karanta ƙazanta, ƙazanta take gani a ko'ina."

"Petring, yarinta ce, ki zauna..."

"Yarinta? Shekara ashirin da bakwai? Ta gode Allah ma da ɗana ya kalle ta!"

"Na gode masa," na ce. "Nante, kai ba ka da baki?"

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi. Na ƙirga numfashina har biyar. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Mama, mu tafi."

Shi ke nan. Na zare zoben, ya ɗan maƙale a gaɓa, na murɗa shi ya fita. Na ɗora shi a kan ambulan ɗin na tura musu duka biyun.

"Ku haɗa da wannan."

Tita Petring ta kwashe su ta zuba a jaka ba tare da ta kalle ni ba. Suka fita, ƙofar mota ta bugu sau huɗu. Jinky ta leƙa ta taga, ta juyo ta kalli tebur.

"To... aladen fa? Namu ne ko za su aiko?"

"Jinky!" Mama ta daka mata tsawa, sai kuma ta fashe da kuka.

Kukan Mama ya fi zagin Tita Petring ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Ta zauna a kujerar aro tana cewa me za ta gaya wa mutanen coci, ta riga ta faɗa wa kowa. Ta ce tun rasuwar Papa ba ta taɓa kwana da kwanciyar rai ba sai da Nante ya fito. Ta ce sa hannu ɗaya, wa zai sani?

"Ni zan sani, Mama."

"Ke kaɗai ce mai gaskiya a duniya? In kin ƙi, wani zai sa musu."

"Ya sa. Ba dai Tumulak ba."

"Kin kashe aurenki saboda 'ya'yan mutanen da ba ki ma san sunansu ba!"

Na durƙusa a gabanta na riƙe gwiwarta. "Mama, lokacin da Papa ya rasu kina wankau a gidaje uku, ba kya dawowa sai duhu. Jinky tana shekara goma sha ɗaya. Da wani mai kirki ya zo ya ce zai koya mata jita kyauta, ya saya mata takalmi, za ki hana?"

Ta kalli Jinky da ke tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu. Ta ture hannuna, ta tashi ta shige ɗaki.

Na cire rigar leshin na sa tsohuwar riga da gajeren wando, muka kwashe kwanuka ni da Jinky. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, na yi kuka a bakin famfo, na bar ruwa na zuba don kar a ji. Ina son Nante. Shekara uku ina jiran saƙonsa daga tashoshin da ban iya faɗin sunansu ba. Amma mutumin da zai zauna yana kallon ƙashi alhali ana maganar yara, me zan yi da shi?

Wajen ƙarfe biyar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Wayata ta yi ƙara a kan firji.

*Ina ƙofar gidanku.*

Na leƙa. Nante ne tsaye jikin babur ɗinsa, ba lema, farar rigar nan ta manne masa a jiki.

*Koma gida. Mamarka na jira.*

*Day, ni na kai rahoton Manoy.*

Na karanta sau uku. Na zauna a kan buhun shinkafa.

*Me ka ce?*

*Wancan zuwan nawa na ari kwamfutarsa, na gani. Na yi kwana huɗu ban ci abinci ba. Ranar da zan koma jirgi na kira lambar nan ta kai rahoto da kike ba mutane, ban faɗi sunana ba. Ba wanda ya sani. In Mama ta ji, na mutu a wajenta.*

*Shi ya sa ka bar ta ta kawo min takarda?*

*Na san ba za ki sa ba. Na so ta ji daga bakin wani. Ni na kasa.*

Kun ji fa. Ya san ba zan sa ba, sai ya turo ni gaba in sha zagin da ya kamata ya sha. Na rubuta masa *matsoraci*, na goge. Na sake rubutawa, na tura.

*Na sani,* ya ce. *Fito don Allah. Akwai abin da ba zan rubuta ba.*

Na zura silifas na fita haka nan cikin ruwan. Ban buɗe ƙyauren ba, na tsaya ta ciki, ƙarfe tsakaninmu.

"Faɗi."

Ya sa hannu cikin riga ya fito da wata baƙar leda da aka naɗe da roba.

"Waya ɗaya 'yan sanda suka samu. Wannan ta biyu ce. A cikin jakar jita take."

"Ka kunna?"

"A'a."

"Kar ka kunna. Kar ka cire ledar. Yaushe ka same ta?"

Ya share ruwan da ke fuskarsa, ya kalli ƙasa.

"Ba ni na same ta ba. Mama ce. Tun washegarin da aka kama shi ta ɓoye ta. Yanzu da muka koma gida ta kira ni ɗaki ta ba ni. Ta ce ranar Talata in jirginmu ya yi nisa, in jefa ta a teku."

Ruwa na dukana amma ban ji shi ba. Matar da ta zauna a falonmu da lu'ulu'u a wuya tana cewa kallo kawai ya yi. Matar da ta ce jiya ma sun zo.

Sai na ji ruwan ya daina sauka a kaina. Na waiga. Mama ce a bayana da lema, ko takalmi babu a ƙafarta. Ban san tun yaushe take tsaye ba, amma fuskarta ta nuna ta ji abin da ya isa.

"Buɗe masa ƙofa," ta ce. "Ke kuma kira shugabar taki. Ba gobe ba, yanzu."

Ina zare sakata wayar Nante ta fara ruri a aljihunsa. Ya ciro, ya kalli sunan, ya juyo mana da fuskar wayar. Tita Petring ce. Ya tsaya riƙe da ita kamar garwashi, ya kasa ɗauka, ya kasa kashewa.

Mama ta miƙa min lemar, ta goge hannunta a zane.

"Miƙo nan, Dong," ta ce wa Nante. "Ni zan amsa mata."